Ruwan da na zuba wa motar Kawu

Jiya a tashar Konni wata mota ta yi tururi. Warin tsatsa da tafasasshen ruwa ya tuna mini da marigayi Kawu. In tsohuwar motarsa ta ɗau zafi, yakan zauna a inuwa ya ce, "Bar ta ta huce, sannan a tambaye ta ciwonta."

Wata ranar kasuwar Illela ni ke tuƙi, Kawu na gefena, motar ta tafasa a hanya. Kawu ya tafi sallar azahar, fasinja suna ta mita.

"Kai direba, rumfuna za mu taras ko kasuwa?"

Na ɗauko ruwan salka mai sanyi, na buɗe lagireto na ɗura. Sai na ji ƙas! Injin ya tsage.

Da Kawu ya sallame, ya sa yatsa ya danna bel ɗin fanka, ya ga ya saki.

"Wagga ce kaɗai matsalarta, ɗana. Ɗaurin bel ta so."

Da motar nan yake ciyar da gida, ba ta ƙara tashi ba. Bai taɓa yi mini gori ba, ni kuma kunya ta hana ni neman gafararsa har ya rasu.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu, Ya isar maka da tubana.