Bappa Hammadu da Furotin Ɗinsa

Duk unguwar Sintali an san fanka ɗaya ce a gidanmu, kuma kwamfutar Bappa Hammadu take kallo. A zafin Jalingo fa! In na ce, "Bappa, zan narke," sai ya ce, "Ke kina gumi, Jummai. Ita ba ta iya ba."

Shi ya riƙe ni tun ina rarrafe, amma tunda ya dawo daga karatu da wannan akwati na zama kujera a gidan. Aikinsa furotin, abin da ke gina jikin mai rai. Wai kowanne jerin haruffa ne. Sai ya jera na saniya a kan na mutum, kwamfutar ta nemo inda suka dace, daga nan ya yi hasashen yadda furotin ɗin ke naɗewa. Wallahi ya fi sanin jinin saniya da ranar haihuwata!

In an ɗauke wuta kuwa, tsohuwar kalanda yake yankawa siri-siri, ya rubuta haruffan, ya shimfiɗa a tabarma yana ja gaba yana ja baya. Rannan haushi ya ishe ni, na buɗe wa akuyar kakata Inna ƙofar ɗakinsa. Ta cinye tsakiyar jerin tas. Na laɓe ina jira ya haƙura da furotin har abada. Bappa ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, sai ya yi tsalle.

"Giɓi! Sati biyu ina nema, ashe nan ya kamata in bar giɓi! Inna, a ƙara wa akuyar nan dusa!"

Ni da na buɗe ƙofar, ko sannu.

Na zo ta ɗaya a aji, na kai masa sakamako da gudu. Ya ce, "Madalla," ya juya takardar. "Kai, bayanta fari ne!" Ya hau rubutu.

Da ciwo ya ci idonsa, ni ya kira, ba ɗalibansa ba. Ina karanto haruffa, yana gyaɗa kai. Ranar nan na daure na tambaya.

"Bappa, tsakani da Allah, ni da kwamfutar nan wa ka fi so?"

Ya yi dariya har da tari. Ya laluba ya kamo hannuna.

"Ita in ta lalace, akwai irinta a Legas."

Bai ƙara wata guda ba. Allah ya jiƙan Bappa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mini akuyar nan. Amin.