Rigunan da Koci Yusuf ya sa aka aiko mana daga Jamus

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Koci Yusuf, kuma har yau ban iya ba da labarinsa a zaune lafiya ba.

Bajamushe ne. Ya daɗe yana buga lamba tara a ƙasarsu, gwanin cin ƙwallo da ka, har gwiwa ta ce ta gaji. Ya musulunta, ya auri Bamisriya, ya zauna a Hadayek el-Maadi a Alƙahira. Can ya ga mu ɗaliban Arewa muna wasa, ya girgiza kai, ya naɗa kansa kocinmu ba tare da kowa ya roƙe shi ba. In ba raga ba, babu abin da ya dame shi a duniya. Ko labarai ba ya saurara.

A 2013 ya sa aka aiko mana da riguna ruwan ɗorawa, launin tsohon kulob ɗinsa. Bai san cewa a watannin nan launin ya zama na masu zanga-zangar adawa da sojoji ba. Mu mun sani, amma a gidajenmu ba a mayar wa babba kyautarsa. Muka saka.

Ran wata Juma'a da safe muna sassarfa a jere, sojoji suka tare mu, suka zaunar da mu a ƙasa. Duk ɗalibin da aka kama a irin wannan rana, iƙamarsa ta zama a ƙasar ta tafi, karatunsa ya bi ta. Saura mini shekara guda in gama.

Koci ya ɗingisa har gaban hafsansu.

"Ya basha, ranka ya daɗe, ni na saya, ni na sa su. Yaran nan ba sa iya ce mini a'a. Ka tafi da ni."

Hafsan ya juyo kanmu.

"Yalla, maza ku tuɓe su, ku ɓace."

Muka tafi da singileti. Shi aka jefa a mota. Ba a jima ba aka sa shi a jirgi zuwa Jamus, matarsa ta bi shi, can kuma ya rasu. Ban sake ganinsa ba.

Da zai ga 'yan gaban yanzu masu rawa kafin su buga, na san faɗa zai yi har muryarsa ta dushe. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga ƙwallayen da ya ci ba, kuma ba na jin akwai mai tuna su. Amma yau ina koyarwa a Kano, abokaina suna Zariya da Maraɗi, kowa da shahadarsa. Shi kuwa yana kwance nesa da Alƙahira, garin da ya so a binne shi. Allah Ya jiƙansa.