Sandar da Ta Rage a Hannun Kawu

Har yau ban san takamaiman abin da ya rufe tashar jirgin ƙasan garinmu ba. Innarmu ta ce ambaliya ce ta cinye gada. Telan da ya gaje ɗakin sayar da tikiti ya ce manyan motoci ne suka kwashe kaya, jirgi ya riƙa zuwa wayam. Kawu kuwa, yayan Inna, cewa yake shi ya rufe ta da hannunsa, kuma in ka musa ya daina gaisawa da kai.

Tasharmu ita ce ƙarshen wani ɗan reshe da ya ɓalle daga babban layi. Da yake layi ɗaya ne tal, akwai sandar tagulla guda da direba zai riƙe kafin ya hau reshen, don kada jirage biyu su yi karo. A mahaɗa, inda reshen ya haɗu da babban layi, ake ba shi, ya miƙa wa Kawu in ya iso, Kawu ya mayar masa in zai koma. Aikin Kawu ke nan tun yana saurayi: karɓa, ratayewa a ƙusa, mayarwa. Da wannan aikin ya yi aure, da shi ya yi furfura, ya kuma yi baƙin jini wajen masu awaki saboda korar da yake musu daga kan dogo.

Wata rana ana ruwa ya tsaya taya wata tsohuwa sauke buhuna, sai jirgi ya tashi, sanda na rataye a ƙusa. Daga ranar jirgi bai ƙara zuwa ba.

"To ta ina zai zo?" in ji Kawu. "Ba sanda, ba hanya. Doka ce."

Na sha ce masa, "Haba Kawu, hukuma guda ta bar layi saboda guntun ƙarfe? Ba sai su aiko a karɓa ba?" Sai ya ce ai kunya ce ta hana shi kaiwa, su kuma suna jira ya kai. Ni nan kaina ke kullewa. Direban ya manta ne, ko ya san ba mai dawowa? Direban ya rasu, ba wanda zan tambaya. Aka kwashe ƙarafan dogo, telan ya shigo da kekensa, ɗakin jira ya zama wurin ajiye siminti, Kawu na nan da sanda a ƙarƙashin katifa.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi bara, sai ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce min.

"Uwata, ba zan mutu da kayan mutane ba. Kai ni mahaɗa."

Raina ya ɓaci, don na san dariya za a yi mana. Amma na sa shi a mota.

Shugabar tashar mahaɗa ba ta yi dariya ba. Ta juya sandar, ta karanta sunan tasharmu da ke jiki, ta ce tun kafin ta fara aiki aka daina amfani da irinta. Na yi mata ido. Ban san me ta fahimta ba, sai dai ta miƙe tsaye ta karɓa da hannu biyu.

"Ta iso, Baba. Mun gode."

"Ba a yi fushi ba?"

"Ba wanda ya yi fushi."

Muka kamo hanyar gida. Na ɗauka ya gane komai, har tausayinsa ya kama ni. Da muka iso na tsaya inda na saba tsayawa, a filin da ke gaban shagon tela, inda dā dogo ya ratsa. Ciyawa ce kawai da kwalaben roba.

Kawu ya dafa hannuna, idonsa cike da hawaye, yana murmushi.

"Uwata, gusa da motar nan. Kin tsaya a kan layi, ga shi yanzu hanya a buɗe take."

Na dubi ciyawar, na dube shi. Na tayar da mota na matsa gaba.