Ranar da na ɗaga wa mawaƙinmu waƙa

Ban cika riƙe mutum a zuci ba, ko dai haka nake zato. Amma mawaƙin ƙungiyarmu na riƙe shi.

A wani biki ne a Filinge, da la'asar. Ina kaɗa jitar bas da kunne kawai, ina lalube. Sai ya zagaya ta bayana ya kashe mini ampili, na'urar ƙara sauti, ya bar ni ina ta kaɗawa ina gyaɗa kai, ba mai jin komai. Matan da ke gaba suka gane kafin ni. Da aka tashi ya tsokane ni da sunan ɗan makaranta, ya ce, "Ɗan lakkwal, yau ka yi kiɗi mai daɗi wallahi."

Da na koma karatu Yamai na shiga neman malamin kiɗa. Na farko yatsunsa kawai yake nuna mini, in na tambayi dalili ya ce haka ake yi. Na biyu ban ga bas a hannunsa ba ko sau ɗaya. Daga baya aka kai ni wurin wani dattijo da ya yi ritaya daga koyar da kiɗa. Ya sa na rera do, re, mi har na ji kunya, sannan ya nuna mini cewa waƙa tazara ce tsakanin sauti da sauti. In ka riƙe tazarar, kana iya ɗauke waƙar dungum ka aza ta sama ko ƙasa.

Na kira shi yadda muke kiran malamai a makaranta, na ce, "Mushe, in an aza ta sama, mai rerawa fa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Maƙogwaro ba shi da wuyan jita, ɗana. Mi kake shiryawa?"

Na ce babu komai. Ina jin bai yarda ba.

Da hutu ya zo, bayan an yanke gero, aka kira mu biki a Bonkuku. Akwai waƙar da mawaƙin namu yake taƙama da ita, wadda yake haurawa can ƙololuwa mata su yi guɗa, kuma bas ke buɗe ta. Na buɗe ta sama da inda ya saba, kaɗan dai, yadda ba zai lura ba. Mai jita ya kalle ni, ya matsa hannunsa ya biyo ni. Shi ma yana da nasa a ciki.

Baitin farko ya wuce lafiya. Da ya zo hawan, jijiyar wuyansa ta miƙe, muryar ta tsage kamar ta ɗan zakara. Ya sake gwadawa, ta sake tsagewa. Wata tsohuwa ta ce, "A ba bawan Allah ruwa!" Fili ya kwashe da dariya. Ni kuwa ban kuskure ko sauti ɗaya ba.

A mota yana ta shafa maƙogwaro. "Ruwan ƙanƙarar nan ne da suka ba ni, ko?"

Na ce, "Wataƙila. Ka riƙa kiyayewa."