Barewar Kaka a Bangon Soro

Ranar wata Juma'a cikin bazarar 1968, Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata mai dafa abinci a jirgin ruwan kaya, ya hawo soronmu na Balad, tsohuwar unguwa a bakin teku can ƙasa mai tsarki, da wani ƙyalle da ya sayo a Meziko. Ina wanke tukwane, sai na tsame hannu na matso. Kawunan mutane ne zane a jiki, kowanne da siririn layi da ya haɗa shi da wata dabba. Kawu ya ce mutanen can na dā, masu yaren Nahuwatil, haka suke rubuta suna: wanda ake kira Tochtli a zana masa zomo, Mazatil kuma a yi masa kan dabba mai kama da barewa. Abin ya burge ni matuƙa, ni da haruffan makaranta suke ba wuya, a ce akwai rubutun da ko Kaka, mahaifiyar Baba, za ta iya karantawa.

Kafin la'asar mu yara mun cika farin bangon da gawayi. Ƙanena Sani mai tsalle-tsalle ya zama fara, ni kuma kyanwa. Kaka tana tsince shinkafa tana kallonmu. Can ta kira ni, ta ce in zana mata kan yaro ƙarami, in ja layi zuwa barewa. Na tambaye ta ko wane ne, ta ci gaba da tsintarta.

Da Baba ya dawo daga tashar jiragen ruwa ransa ya ɓaci, don ba ya son zanen mai rai. Ya ce yalla, maza a kawo ruwa a wanke. Muna cikin gogewa na kai hannu kan barewar, sai Kaka ta ce, "Wannan a bar mini shi." Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya sauka. Daga baya mahaifiyata ta gaya mini ɗan farin Kaka ne, wanda zazzaɓi ya ɗauke a hanyar Sudan suna tahowa aikin hajji a ƙasa. Saboda alkunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai Barewa, don gudunsa. Kullum da safe takan zauna kusa da zanen da carbinta, har iskar teku ta cinye shi.

Yanzu jikokina suna rubuta sunayensu da Larabci da boko a waya, gidan kuma an rufe shi tuntuni. Na yi rubutu da yawa tun daga lokacin, amma babu wanda aka karanta kamar wancan.