Godiyar da Ta Ƙi Shiga

Aikina na farko bayan hidimar ƙasa a wata ƙungiya ce mai tallafa wa manoman fadama, ofishinta na shiyya yana Haɗejiya. An ɗauke ni in kula da kwamfutoci, amma na gwaji. In an ga hannuna a tabbatar da ni, in ba a gani ba in koma ɗakin mahaifiyata in ci gaba da aika takardun neman aiki.

Muna da wani shafi a intanet da ake kai koke. Wanda firintarsa ta ƙi, ko ya manta kalmar sirri, sai ya shiga ya rubuta. Ni kuma in gyara, in danna cewa an rufe. Can hedkwata akwai wata shugabarmu da ban taɓa gani ido da ido ba, aikinta kallon wani allo mai kore da ja. Shiyyar da ke lafiya kore ce. Tawa tun da na zo take ja kamar tattasai.

Abin da ke jawo jan nan shi ne, duk sanda ma'aikatanmu suka zo ƙara bayani a kan kokensu, sai shafin ya ƙi karɓa, ya watso musu jan rubutu cewa an samu kuskure. Ba a Birniwa kaɗai ba, ba a Malam Madori kaɗai ba. Amma gwarzon abin shi ne wani dattijon malamin gona da ke ƙaramin ofishinmu na wajen Baturiya. Abokin marigayi mahaifina ne, tare suka yi makaranta, don haka Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini 'yata. Kokensa kullum iri ɗaya ne: saƙona bai shiga ba.

Babu abin da ban zarga ba. Na ɗora wa sabis laifi, don a yankin nan in damina ta yi nisa sai mutum ya hau tudu yake samun waya. Na ce kwamfutarsa ce ta tsufa. Na sa shi ta waya ya goge wannan ya sake wancan, yana bina da to, to, cikin haƙuri. In rufe koken, kafin in juya wani ya shigo. Shugabarmu ta kira ni, ta yi mini bayani cikin murya mai sanyi cewa watannin gwajina sun kusa ƙarewa, kuma ita allo take gani, ba ƙoƙari ba. Ranar tsoro ya kama ni sosai.

Sai na shirya na tafi da kaina. Ruwa ya cinye hanya, mota ta ajiye ni, na ƙarasa a kwale-kwale tare da buhunan taki da wata akuya da ta ƙi jinina. Na tarar da Baba ya sa an soya mini kifi. Sai da muka gama gaisuwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce ya nuna mini yadda yake yi.

Ya gyara tabarau, ya buɗe koken da na rufe jiya, ya soma rubutu da yatsa ɗaya. Na leƙa. Cewa yake ya ga aiki, ya gode, Allah ya yi mini albarka, ya jiƙan mahaifina. Ya danna. Jan rubutu ya fito.

"Kin gani ko, 'yata? Kullum haka yake yi mini."

Ashe shafin ba ya karɓar ƙari a kan koken da aka riga aka rufe. Wanda ya ƙera shi, a duk ƙasar da yake, bai taɓa zaton akwai abin da ya rage a faɗa bayan an gama aiki ba. Baba kuwa in godiyarsa ta ƙi shiga sai ya buɗe sabon koke, in rufe, ya sake godewa. Da na koma na bincika sauran ofisoshin, duk jan nan na shiyyata godiya ce da addu'a.

Na rubuta wa hedkwata na roƙi a buɗe wa mutane ƙofar godiya. Aka ce tsarin ba namu ba ne, kuma sauran shiyyoyi ba su da wannan matsala, in wayar da kan ma'aikatana. Matasan ba su ba ni wuya ba, dariya ma suka yi. Baba na bari a ƙarshe, na yi ta jan ƙafa, har dai na kira shi. Na kewaya, na kewaya, sannan na faɗa.

"Baba, don Allah in na yi maka aiki ka daina gode mini. Zan iya rasa aikina a kai."

Ya ce ba zai zama sanadin cire abinci daga bakin 'yar amininsa ba, ya ji, ya kuma daina.

Shiyyata ta koma kore shar. Aka tabbatar da ni, har shugabarmu ta yabe ni a taro, ta ce a yi koyi da yadda na horar da mutanena. Na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Bayan girbin shinkafa Baba ya shigo Haɗejiya da kwamfutarsa a cikin buhu, ta faɗa ruwa, rahotanninsa na shekara duk suna ciki. Na wuni a kanta, ko abinci ban ci ba, har Allah ya sa na ceto su. Na juya masa allon ina jiran fuskarsa. Ya duba, ya ga komai yana nan. Ya buɗe baki zai gode, sai ya kalli kwamfutar ofis da ke gabana, ya rufe bakin. Ya mayar da tasa cikin buhu a hankali, ya ce in gaida mahaifiyata, ya fita.