Rabin Kuɗin Maestro Hermógenes

A sabon ɗakin da ke saman gidan Doña Zenobia akwai wata 'yar taga mai faɗin faranti, wadda ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta. Baƙi kan yaba ɗakin su sauka, ba wanda ya taɓa tambayar amfaninta.

Doña Zenobia tamal take sayarwa, wato alalen masara da ake naɗewa a ganyen ayaba, a tashar motar Villa María, tun asuba. Shekara tara rodunan saman gidanta suna tsaye suna tsatsa, tana shanya a kansu. Magina biyu sun taɓa karɓar kafin alƙalami a hannunta. Ɗaya ya tafi jana'izar kakarsa, ɗayan ya ce bari ya sayo ƙusa, har yau shiru. Da 'yarta Maribel ta aiko cewa ƙarshen wata za ta dawo gida da tagwayenta, sai ɗakin ya zama dole.

Ta kira Maestro Hermógenes, gwanin magini, wanda kowa ya san in an biya shi ran Asabar sai Laraba ake ganin ƙeyarsa. Ta zaunar da shi a kicin, ta jera takardun kuɗi na sol ɗari-ɗari a kan tebur, ta ɗauko almakashin da take yanka ganyen ayaba, ta raba kowace biyu.

"Mamita, kuɗi ne fa, ba kaza ba," in ji shi.

"Ga rabinka, Maestro. Ran da ka gama, sai a mayar musu da aurensu."

"Wa zai ba ni giya da rabin takarda?"

"Ashe kana da saurin ganewa."

Ya dai gwada. Ya roƙi mai shago rabin kwalba, aka kore shi. Ya dawo ya kama aiki, kafin Asabar bango ya kai ƙirji.

Sai dai ta lura duk cin abincin rana yana ƙare wa gwangwanayen kicin ɗinta kallo. Ran Lahadi ta cusa nata rabin a gwangwanin madara, ta hau sama, ta zura shi cikin ramin bulo a sabon bangon. Kwana ɗaya ne kawai, kafin ta samu wuri. Ai magini ba ya aikin Litinin.

Ta manta mutumin ba shi da ko na kwalba ɗaya. Kafin ta dawo daga tasha ran Litinin ya ɗora layi bakwai a kan gwangwanin, yana fito.

Ta daɗe tana kallon bangon. Ta tuna tagwaye, ta bar shi ya ci gaba da aiki. Ya yi shafe tana kallo, ya yi fenti tana yaba kalar, har tana ƙara masa nama a miya.

Ran da ya gama, ya cire hularsa, ya zazzage rabinsa a kan tebur. "To, Mamita, a fito da amare."

Ta hau da shi sama, ta nuna masa bango da haɓa.

"A ciki?"

"A ciki. Wajen hagu. Ko dama, ya danganta da inda mutum ya tsaya."

Ya manna kunne a aikinsa yana ƙwanƙwasawa kamar mai zaɓen kankana. Da ya ɗaga guduma sai da ya runtse ido. A bugu na huɗu gudumar ta wuce har waje, gwangwani ya faɗo masa a ƙafa.

"Sai ka toshe mini ramin," in ji ta.

"Wannan sabon aiki ne. Kafin alƙalami, kuma takarda mai kai da ƙafa."

"Allah ya kiyaye. Gyara bakinsa, taga ce."

Suka zauna a ƙasa suna haɗa lambobin takardun, yana riƙewa tana manna salatif. Washegari Maribel ta iso ta tarar da ɗaki, Maestro kuwa sai Alhamis aka gan shi. Doña Zenobia ta wanke gwangwanin, ta mayar da shi kicin, ta jiƙa masarar gobe.